Kula da Kare a Lokacin Bazara

Da zarar sanyin hunturu ya janye a ƙarshen watan Fabrairu, rana takan fara nuna ƙarfinta a ko'ina cikin ƙasar nan. Daga Maris zuwa Mayu, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Nguru da Yola, ba abin mamaki ba ne ma'aunin zafi ya wuce digiri 40 da tsakar rana, kwana da kwanaki a jere. A kudu kuwa, wajen Ikko da Fatakwal da Kalaba, ko da yake zafin bai cika kai wannan adadi ba, iskar takan cika da laima har mutum ya ji kamar an kife shi da tukunya. Masana yanayi sun tabbatar da cewa shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kuma a farkon Afrilun wannan shekara ta 2024 ne aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

A irin wannan lokaci kowa ta kansa yake yi. Magidanci ya nemi gindin bishiya, uwargida ta cika randa, makiyayi ya kora garke mashaya tun da hantsi. Amma akwai wata dabba da ake yawan mantawa da ita a bayan gida, ɗaure a turke, alhali kuwa zafi na iya hallaka ta cikin ƙasa da sa'a guda. Wannan dabba ita ce kare.

Jama'a da yawa ba su ɗauki kare a bakin kome ba, har sunansa ma ya zama abin zagi. Duk da haka shi ne ke kwana bai runtsa ba domin mai gida ya yi barci, shi ke bin mafarauci daji, shi ke kewaye garken makiyayi da dare, kuma da hancinsa 'yan sanda da ma'aikatan kwastan suke gano kayan da aka ɓoye. Malaman Musulunci sun yarda a ajiye shi domin farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma labarin mutumin nan da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, aka gafarta masa saboda haka, sananne ne a littattafan hadisi. Dokokin laifuffuka na ƙasar nan ma, na kudu da na arewa, sun haramta azabtar da dabbar gida. Wanda ya ɗaure kare ya hana shi zuwa neman inuwa da ruwa da kansa, to, lalle nauyin samar masa da su ya hau wuyansa.

Yadda kare ke fitar da zafi

Mutum idan ya ji zafi sai ya yi gumi a duk jikinsa, iska ta busar da gumin, jiki ya yi sanyi. Kare ba shi da wannan gata. Ɗan gumin da yake yi mai amfani a tafin ƙafarsa yake fita, kuma bai taka kara ya karya ba. Babbar hanyarsa ita ce haki, watau ya buɗe baki ya zaro harshe yana numfashi da sauri-sauri, iska tana bi ta kan harshe da maƙogwaro da cikin hanci tana busar da danshin da ke wurin, ta haka jinin da ke gudana a wajen ya huce. Saboda haka duk lokacin da kare yake haki ruwan jikinsa ne yake ƙarewa. Kuma idan iskar da yake shaƙa ta riga ta cika da laima, kamar yadda take a jihohin kudu ko a arewa gab da faɗuwar damina, danshin ba ya bushewa da sauri, sai ya yi ta haki a banza. Wannan ne ya sa kare na iya faɗuwa a Ikko a zafin da bai kai na Kano ba.

Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, watau ya ɗan ɗara na mutum, wanda yake wajen 37. In ya haura 41, kayan ciki sun shiga haɗari: ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta da hanji duk sukan fara lalacewa, jini kuma ya daina daskarewa yadda ya kamata. Mai karatu ya lura, tazarar da ke tsakanin lafiya da mutuwa ba ta wuce digiri biyu ko uku ba.

Karnuka ba ɗaya suke ba wajen jure zafi. Karen gida na ƙasar nan, siriri mai gajeren gashi da dogon baki, da kuma karen Buzaye mai dogayen ƙafafu da ake kira Azawak, sun saba da rana tun kaka da kakanni, ko da yake su ma juriyarsu tana da iyaka. Waɗanda abin ya fi shafa su ne karnukan waje da masu hali ke saye da tsada domin gadi ko ado. Alseshan yana da gashi ninki biyu da ya dace da sanyin Jamus. Rotwaila da Burbul manyan jiki gare su, jiki mai nauyi kuwa yana daɗewa bai huce ba. Mafi tausayi su ne masu dakakkiyar fuska irin su Buldog da Fag, domin hanyar numfashinsu a matse take tun haihuwa, haki ma wahala ne a gare su. Haka nan tsohon kare, da ɗan kwikwiyo, da mai ƙiba, da karya mai ciki ko mai shayarwa, da wanda ke fama da ciwon zuciya, duk suna bukatar a sa musu ido fiye da sauran.

Wasu sukan ɗauki almakashi ko aska su aske kare ƙwal, wai suna taimakonsa. Wannan kuskure ne ga kare mai gashi ninki biyu, domin gashin saman nan shi ke tare rana daga fata, in an kwashe shi sai fatar ta ƙone. Abin da ya dace shi ne a riƙa taje shi da burushi a fitar da mataccen gashin da ya cunkushe a ƙasa, iska ta sami hanyar shiga. Hausawa sun ce a bar kaza cikin gashinta. To, a bazara kare ma a bar shi cikin nasa.

Ruwa da inuwa

Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa kare yana bukatar wajen mililita 50 zuwa 60 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Watau karen da ya kai kilo 20 zai sha lita guda da ɗoriya, kwatankwacin ledar ruwan sha biyu da 'yan kai, a ranar da ba zafi ba aiki. A bazara kuwa bukatar na iya ninkawa. Ba daidai ba ne a ce sai lokacin da aka ba shi abinci za a ba shi ruwa. Wajibi ne ruwa ya kasance a gabansa dare da rana.

Abin da ake zuba ruwan a ciki ma abin dubawa ne. Kwanon ƙarfe ko gwangwani da aka bari a rana yakan mai da ruwa kamar na shayi kafin azahar, kare kuma ya ƙi sha. Kaskon yumɓu ya fi, domin yana sanyaya ruwa kamar yadda randa take yi, ga shi da nauyi ba ya kifewa da sauƙi. In an haƙa ɗan rami a inuwa an dasa kaskon a ciki, sarƙa ba za ta ture shi ba. Kyawunta a ajiye guda biyu a wurare dabam-dabam, a sake ruwan safe da yamma, a riƙa wanke kaskon kada gansakuka ta kama shi ko sauro ya yi ƙwai a ciki. Kada a dogara da cewa zai je kududdufi ya sha. Ruwan da ya kwanta ya yi kore a lokacin zafi wani lokaci yana ɗauke da dafin da ke iya kashe dabba cikin sa'o'i kaɗan, ban da tsutsar ciki da sauran cututtuka.

Batun inuwa kuwa, a nan ne mutane masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Mutum zai ɗaure kare da safe a gindin katanga, ga inuwa luf, ya tafi kasuwa ko ofis hankalinsa kwance. Ya manta inuwa tafiya take yi. Kafin ƙarfe goma sha biyu ta koma ɗaya gefen, kare kuma sarƙarsa ba ta kai can ba, sai ya yi ta ja yana shaƙe kansa a tsakiyar rana. Kafin a kafa turke, ya kamata mai gida ya duba wurin da hantsi, ya duba da azahar, ya kuma duba da la'asar. A kuma tabbata ba wani abin da sarƙar za ta naɗe a jikinsa ta gajarce. Ita kanta sarƙar ƙarfe in ta sha rana tana ƙona wuya.

Ɗan ɗakin nan da ake ginawa kare da bulo, a rufa shi da kwano ƙasa-ƙasa, a bar masa ƙofa ɗaya tak, tanderu ne sosai a watan Afrilu. Duk wanda yake shakka ya zura kansa ciki da ƙarfe biyu na rana ya ji. In ba yadda za a yi sai shi, a ɗaga rufin, a buɗe tagogi ta fuskoki biyu domin iska ta ratsa, a shimfiɗa zana ko ciyawa ko buhuna a kan kwanon. Rumfar zana ko inuwar dalbejiya ko mangwaro ta fi shi nesa ba kusa ba. Idan kuma aka ga kare yana tonon rami a gindin bishiya ko kusa da randa, kada a doke shi. Ƙasar da ke ciki ta fi ta sama sanyi, so yake ya manna cikinsa a kanta. Gara ma a ware masa wuri guda a riƙa yayyafa ruwa. Sai dai a riƙa share wurin, domin a ƙasar da fitsari ya ɓata ne wani ƙuda ke yin ƙwai, tsutsarsa ta shige fatar kare ta yi ƙurji, musamman ga 'yan kwikwiyo.

Game da abinci, yawancin karnuka sukan rage ci a lokacin zafi, wannan ba abin tsoro ba ne muddin suna shan ruwa kuma suna walwala da yamma. A ba su da sassafe ko bayan faɗuwar rana. Sauran tuwo da miya da ya yini a rana ya yi tsami a zubar da shi.

Ƙasa mai ƙuna, gudu da mota

Mu muna tafiya da takalmi, shi ya sa ba mu san abin da ƙasa take ciki ba. Kwalta da siminti da yashi sukan fi iskar da ke samansu zafi ƙwarai, har su saluɓe tafin ƙafar kare. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗora bayan hannu a ƙasa a ƙirga bakwai a hankali. In hannu bai jure ba, ƙafar kare ma ba za ta jure ba. Lokacin fita da kare a bazara shi ne daga asuba zuwa fitowar rana, sai kuma bayan magariba, tare da tuna cewa kwalta tana riƙe zafinta har bayan rana ta faɗi. Da dare kuwa a riƙe tocila, domin zafi yana fito da macizai da kunamu, kare kuma hancinsa yake turawa ko'ina.

Wani bincike na Ingila da aka buga a shekarar 2020, bayan an duba bayanan asibiti na karnuka fiye da 900,000, ya nuna cewa wajen kashi 74 cikin ɗari na waɗanda zafi ya kayar, gudu ko motsa jiki ne sanadi, waɗanda aka bari a mota kuwa wajen kashi 5 ne. In haka abin yake a ƙasa mai sanyi irin Ingila, to, ina ga Gusau ko Potiskum? Dalili shi ne kare ba ya sanin ya isa. Muddin ubangidansa na gaba, ko zomo na gudu, ko yara na jefa masa ƙwallo, zai yi ta bi har ya faɗi. Tilas mutum ne zai tsayar da shi.

Wannan magana ta fi shafar mafarauta, tun da yake rani ne lokacin farauta, sa'ad da ciyawa ta bushe daji ya buɗe. Tsofaffin mafarauta sun san a fita da duku-duku, a yada zango a inuwa in rana ta take, a kuma riƙe goran ruwa na karnuka dabam. Samarin yanzu da ke hawa babur su bar kare yana binsu a guje a kan titi, ko su cusa karnuka goma cikin a-kori-kura mai zafin ƙarfe, su ne ke komowa gida da gawa. Karen da aka sa wa takunkumi mai ɗaure baki gam ba ya iya haki, don haka kada a bar masa shi a rana. In tilas ne, a nemi irin mai kama da kwando wanda ke barin baki ya buɗe.

Mota kuma tarko ce. In an rufe ta a rana, zafin cikinta yakan ƙaru da digiri 20 ko fiye cikin sa'a guda, kuma yawancin ƙarin a rabin sa'ar farko yake aukuwa. Sauke gilashi kaɗan ba ya hana kome. Kada a bar kare cikin mota da sunan za a shiga banki ko masallaci a fito yanzu, kada kuma a sa shi cikin but. Wannan gargaɗi, ba sai an faɗa ba, ya fi ƙarfi a kan yara ƙanana.

Abin da zai ɗebe masa kewa

Mai karatu na iya cewa, to, in an hana kare gudu da rana, sai ya yi me? Tambaya ce mai kyau, domin kare dabba ce mai wayo da son aiki. Wanda aka tsare wuri guda ba abin yi shi ne ke yini yana haushi, ya tauna takalma, ya yaga shanya, ya tone shuka, wani ma ya zama mafaɗaci. Maganin abin shi ne a ba hancinsa da ƙwaƙwalwarsa aiki a maimakon ƙafafunsa.

Hancin kare ya fi na mutum ƙarfi ninkin ba ninkin, kuma shinshine-shinshine na gajiyar da shi ba tare da ya ɗaga zafin jikinsa ba. A maimakon a juye masa abinci a kasko ya lashe cikin minti guda, ana iya yanka nama ko busasshen kifi marar ƙaya ƙanana-ƙanana a ɓoye a wurare cikin inuwa, ƙarƙashin kwando ko bayan turmi ko cikin tsohon kwali, a bar shi ya nema. Ana iya kife kofuna uku a sa abin a ƙarƙashin ɗaya. Yara suna jin daɗin wannan wasa ƙwarai, sai dai babba ya kasance a kusa, kuma a koya musu kada su taɓa kare yana cin abinci ko yana barci. Minti biyar ko goma na koya masa zama da kwanciya da zuwa in an kira shi, a ƙarƙashin rumfa, yana da amfani biyu: ya ɗebe kewa, ya kuma sa kare ya zama mai jin magana.

Inda akwai firji da wuta, a dafa romon ƙashi ba gishiri ba albasa ba yaji, a zuba a roba ya daskare, a ba shi ya yi ta lasa. Babban baho da ruwa iya idon sawu ya isa ya tsoma ƙafafu ya yi wasa. Kada a tilasta wa wanda ba ya so. Guntun kankana da aka cire 'ya'yan da ɓawon ba ya cutarwa. Babban ɗanyen ƙashin sa yana ɗauke masa hankali na tsawon lokaci, amma a karɓe in ya fara farfashewa, kuma kada a bar shi ya kwana a zafi. Dafaffen ƙashin kaza ko na zabo kuwa a nisantar da shi, domin yana tsagewa kamar tsinke ya huda hanji. Haka nan albasa da tafarnuwa masu yawa, da cakulan, da inabi, duk guba ne ga kare. Goro ma, da wasu ke jefa masa don raha, yana ɗauke da sinadaran da ke cikin gahawa da cakulan, masu sa zuciyarsa bugawa fiye da kima.

Idan zafi ya kayar da shi

Alamar farko ita ce haki mai tsanani da ba ya lafawa ko an shiga inuwa, harshe ya fito zaƙo-zaƙo ya yi faɗi, yawu mai kauri yana dalala. Dasashi yakan yi ja wur. Kare ya rasa sukuni, ko ya kwanta ya ƙi tashi. In abin ya yi gaba sai amai da gudawa, wani lokaci da jini, ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, daga nan sai faɗuwa da farfaɗiya da suma. Karen da ya kai wannan mataki na ƙarshe, wajen rabinsu ba sa tashi ko da an kai su asibiti, saboda haka a alamar farko ake kama abin.

Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke koyarwa yanzu ita ce a fara sanyaya shi nan take, sa'an nan a nufi asibiti. A ɗauke shi zuwa inuwa, a cire masa sarƙa da takunkumi, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi na randa ko rijiya ko famfo a duk jiki, musamman ciki da hammata da cinyoyi da wuya, ana yi ana masa fifita ko a kunna fanka. A dā ana tsoratar da mutane cewa ruwa mai sanyi sosai zai cutar. Binciken baya-bayan nan ya nuna jinkiri ne ya fi cutarwa. Matashin kare mai lafiya da bai suma ba ana iya tsoma jikinsa cikin baho, a riƙe kansa sama. Tsoho da marar lafiya da wanda ya suma kuwa, kwarara ruwa da fifita ya fi musu. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ko tawul a bari, domin zai tare zafin ne a ciki. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ba ya iya haɗiya kada a ɗura masa, sai ya shige huhu. Mai ma'aunin zafi ya dakata da zuba ruwa in ya sauko wajen 39.5.

Kada a ba shi farasitamol ko ibufurofen da nufin sauke zafi. Wannan ba zazzaɓi ba ne, magungunan nan ba za su yi aiki ba, kuma suna iya lalata masa hanta da ƙoda. Manja da madara da ake ɗura wa dabba su ma ba su da wani amfani a nan. Ko da ya miƙe ya warware, lalle a kai shi ga likitan dabbobi a ranar, domin ciwon ƙoda da zubar jini na ciki sukan ɓoye sai bayan kwana ɗaya zuwa uku su bayyana, ƙarin ruwa a kan lokaci kuwa yana ceton da yawa.

Zafi ba ya haukata kare

Akwai wata tsohuwar magana a bakin jama'a, wai zafin rana ne ke sa kare hauka. Ba haka ba ne. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana cikin yawun dabbar da ta kamu, kuma ta hanyar cizo ko yaƙushi ko lasar rauni take shiga jiki, ko da rani ko da damina. Abin da ya haɗa su a zukatan mutane shi ne dalalar yawu da tangaɗi, waɗanda ake gani a duka biyun. Saboda wannan ruɗani an sha jefe karen da ruwa kawai yake bukata, an kuma sha rungumar wanda yake ɗauke da ajali.

Bambancin yana cikin yadda abin ya faro. Bugun zafi yakan zo farat ɗaya, bayan gudu ko zama a rana, kuma yakan yi sauƙi in an zuba ruwa. Haukan kare kuwa a hankali yake bayyana cikin 'yan kwanaki: hali ya sauya, mai fara'a ya koma mafaɗaci ko mafaɗaci ya yi laƙwas, ya riƙa cizon itace da duwatsu da duk abin da ya gifta, muryar haushinsa ta canza, muƙamuƙinsa ya saki, daga baya ƙafafu su shanye, ya mutu galibi cikin kwana goma. Karenka da ka san an yi masa allura, ka kuma ga abin da ya kayar da shi, ka taimake shi, amma kada ka sa hannu a bakinsa. Baƙon kare da aka tsinta yana dalala a titi kuwa, kada kowa ya taɓa shi. A kori yara daga wurin, a sanar da ofishin dabbobi na Ƙaramar Hukuma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Amma tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya fara gwada allurarsa a kan mutum a Faransa, an san cewa ana iya tare ciwon in an yi hanzari. Wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15 cur, sa'an nan a tafi asibiti a ranar domin a fara allurai. Kada a tsaya shafa toka ko ɗora gashin karen a kan raunin. Shi kuma karen, in an san shi, kada a yi gaggawar kashe shi a yar; a tsare shi wuri mai inuwa da ruwa, ma'aikatan dabbobi su sa masa ido na kwana goma aƙalla.

Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar rigakafi in ya kai wata uku, a kuma sabunta ta kowace shekara, a adana takardar shaida. Masana sun ce in an yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allura, kuma can ake aika kan karen da ake tuhuma domin a gwada. Jihohi da dama sukan shirya allurar kyauta ko ta rahusa wajen ranar 28 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe domin yaƙi da wannan ciwo.

Ita kanta allurar ba ta son zafi. Ana ajiye ta ne tsakanin digiri 2 da 8, in kuwa ta yini a aljihun mai talla ko a kan teburin kasuwa a watan Afrilu, ƙarfinta na iya raguwa, mai kare ya biya kuɗi ya tafi yana zaton ya yi rigakafi. A je asibitin dabbobi na gwamnati ko wurin likita mai rajista, a ga an fito da kwalbar daga firji ko daga akwatin ƙanƙara, a kuma duba ranar ƙarewar aikinta da ke rubuce a jiki kafin a yarda a yi.